«Ina ruwanmu da teku?» To, ga ruwanmu



Shekaranjiya a fadarmu ta shayi a Maraɗi, rediyo na ba da labarin yadda teku ke cinye garuruwan bakin gaɓa, sai wani abokina ya kaɗa baki ya ce: «Kai, mu da ko bakin teku ba mu da shi, ina ruwanmu?» Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce masa ai ka faɗi da bakinka: ina ruwanmu? Ina yake zuwa, wa ya tare shi, mi yake ɗauke da shi? Na yi masa alkawarin amsa a rubuce, ga ta.

Ni ɗan Cadakori ne. Muna yara, in an kece da ruwan Agusta, mukan bi korama a guje har bakin tabki. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ake gani can in ruwa ya ɗauke. Daidai inda korama ta faɗa tabki, gudunta ya mutu, sai ta sauke kayanta: yashi tun daga baki, laka mai laushi can ciki. Sai ka ga sabuwar ƙasa ta shimfiɗu kamar mafici, ruwan ya rarrabu a kanta kamar yatsun hannu. To wanga abin da muke takawa da ƙafa shi ne masana ke kira delta. Neja Delta da kuke ji a rediyo haka take, girma kawai ta fi tamu.

Bari mu bi ruwanmu mu gani. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya shiga Rima. Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, su zuba a kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara. A Lakwaja ya haɗu da Binuwai, su gangara tare har teku. Kogin da ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 tun daga tsaunukan Gini, can yake sauke lakarsa. Ban ce yashin Tsibiri ne ya gina Fatakwal ba, Binuwai ma na kawo nata kaso mai yawa. Amma igiya ɗaya ce, muna riƙe da bakin sama, su suna riƙe da na ƙasa.

Shekara kamar 20,000 da sunka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin duniya, teku na ƙasa da inda take yau da kusan mita 120. Da ƙanƙarar ta narke, teku ta yi ta hawa da sauri. Sai wajen shekara 7,000 baya hawan ya lafa, koguna sunka samu sararin tara laka a bakinsu. Fuskar manyan deltocin da muke gani yau, ta Nilu a Masar, ta Ganjis a Bangaladash, ta Misisipi a Amurka, tun lokacin ta fara kwantawa.

Rayuwar delta kamar rumbu ce. Kullum ana ɗiba: laka na dannuwa tana nutsewa saboda nauyinta, igiyar ruwa na zaizayar baki, teku na hawa. Duk shekara kuma ambaliya na zubawa. In zubi ya fi ɗiba, ƙasa ta ƙaru. In ɗiba ya fi zubi, kowa ya san ƙarshen rumbun.

Yanzu ɗiban ya ƙaru, wannan gaskiya ne. Daga 1901 zuwa 2018 teku ta hau da kusan santimita 20, kuma saurin hawan yanzu ya wuce milimita 3 a shekara. Hayaƙin manyan ƙasashe ne ya jawo, ba mu ba, kuma bashi ne a kansu. Amma ga inda nake faɗa da manyanmu: sun mai da «canjin yanayi» bargon rufe kowane laifi. Ƙasa ta zaizaye, canjin yanayi. Rijiya ta ƙafe, canjin yanayi. Gari ya nutse, canjin yanayi. Kowa ya je taro a otal, a karɓi kuɗin zama, a ɗau hoto, a watse. Ba mai tambayar wa ya toshe bakin rumbun.

Ku dubi Masar. Kafin a gama babban barajin Aswan a 1970, Nilu na sauko da laka sama da tan miliyan 100 duk shekara. Yau kusan dukanta na kwance a gindin tabkin Nasir. Bakin ƙasar Rashid, inda reshen kogin ke shiga Bahar Rum, ya ja baya da kilomitoci har sai da aka gina masa katanga, manomin da kogi ke ba taki kyauta ya koma sayen na buhu. Ku dubi Amurka mai kuɗi: sun killace Misisipi da ganuwa don kada ya malala, sun yanka magudanai don haƙar man fetur, jihar Luwiziyana ta yi asarar ƙasa kusan murabba'in kilomita 5,000 tun daga shekarun 1930. A Neja Delta, tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 ake zuƙe mai da gas daga ƙarƙashin ƙasa, malalar mai na kashe itatuwan bakin gaɓa waɗanda saiwoyinsu ke riƙe laka. Daga sama kuma Kainji ta tare kogi tun 1968, Jebba da Shiroro sunka biyo, Lagdo ta tare Binuwai a Kamaru tun 1982. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Teku ƙadangare ce, mu munka tsaga bango.

To mu dawo gida. Fadamar gulbinmu da deltar can uwarsu ɗaya, ambaliya. Ita ke shimfiɗa laka a gona, ita ke cika ruwan ƙarƙashin ƙasa da ƴan garka ke ja da rani, ita ke taimakon tabkin Madarunfa. A kan hanyar ruwanmu an gina Goronyo a 1984, sannan barajin Jibiya a kan gulbinmu kansa. Je ka zauna da dattawan Tsibiri ko Gidan Runji ka tambaye su kwana nawa gulbi ke malala a da, kwana nawa yanzu, gaba nawa ake haƙa kafin a ga ruwa a da, nawa yanzu. Farin shekarun 1970 da 1980 na da nasa laifi, ban musa ba. Amma fari bai da ƙofar ƙarfe da ake buɗewa a rufe. Baraji na da ita, kuma akwai mai riƙe da mabuɗin.

Abin haushin shi ne takarda na nan. A Yulin 1990 Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suke tarayya cikin adalci, kuma gulbin Maraɗi na cikin ruwayen da aka ambata da suna. Hukumar kogin Isa mai ƙasashe 9, hedikwatarta na Yamai tun 1980. To, cikinku wa ya taɓa jin an sanar a rediyon gari cewa bana ga yawan ruwan da za a sako, ga ranar? Manomin da rayuwarsa ke rataye da wanga ruwa, shi ne na ƙarshen ji.

Na san mi za a ce mani. «Kai mai yabon ambaliya, ka manta damanar 2024 da gidaje sunka faɗa kan mutane a Maraɗi?» Ban manta ba, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu. Amma kakanninmu sun ba da amsa tun tuni. Da gulbi ya cinye tsohon Maraɗi a 1945, gari ne ya tashi ya hau tudu, aka bar wa ruwa kwarinsa. Yau mu ne muke yanka filaye a hanyar ruwa, mu toshe magudanai da leda, in ruwa ya zo mu ce ƙaddara. Za a kuma ce: «Ba ka son wuta da noman rani?» Ina so, ni ma da fitilar salula nake karatu in an ɗauke wuta. Barajin Kandaji da aka aza wa tubali tun 2008 ina fatan ganin an gama shi. Amma a lissafa da laka da ambaliya kamar yadda ake lissafa megawat, kada mu yi wa na ƙasa da mu abin da muke kukan an yi mana.

Kuma kada mu tsaya nuna yatsa waje. Motocin da ke kwasar yashi a cikin gulbi dare da rana, namu ne. Tudun da aka aske itatuwansa har yashi ke gangarowa ya binne gonakin fadama, namu ne. Manoman Agye, irin su na Ɗan Saga, sun nuna wa duniya cewa in an bar kututture ya toho a gona ƙasa na tsayawa. Mu ƴan birni masu intanet a hannu mi munka tsayar?

Shi kuma mai cewa ina ruwanmu, ya tuna 2022. Ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta yanke hanya a Lakwaja, ta mai da Bayelsa tsibiri. Ƙannenmu nawa ke cin rani a Fatakwal da Wari da Yenagowa, suna turo abin da ake sayen hatsi a Cadakori da Gazawa? In ƙasar can ta nutse, tukunyar nan ce za ta fara sanyi.

Ga abin da nake roƙo, bai fi ƙarfinmu ba. Mu nemi a fassara yarjejeniyar Maiduguri da Hausa a karanta a rediyo. Mu nemi a riƙa sanar da lokacin sakin ruwan Jibiya da yawansa kafin damana. Mu tambayi hukumomin kwaminmu wa ke ba da izinin kwasar yashi, ina kuɗin ke shiga, wa ya sa hannu a kan filayen da ke cikin kwari. Wanda ke da kaka a bakin gulbi ya je ya ɗauki muryarsa a salula tun yana da rai, ya faɗa mana inda ruwa ke kaiwa a da, don gobe kada a ce mana dama can haka yake.

Abokina, ka tambaya ina ruwanmu. Yana bayan ƙofar ƙarfe, lakarsa na kwance a gindin baraji. Ranar asabar in Allah ya kai mu zan tafi Tsibiri wajen dattawa. Akwai wuri a bayan babur ɗina.