Ba Laifin Fiyano Ba Ne

Duk inda aka taru ana juyayin lalacewar waƙar Hausa, fiyano ake ɗora wa laifi. Wai shi ya kori kalangu daga gidajen biki, tun daga Dabawa har Dutsin-Ma da Kurfi, ya maye gurbinsa da nanaye masu kama da juna. Wannan hukunci zalunci ne, domin ya kama kayan aiki ya saki ma'aikaci.

Abin da ake kira fiyano a yawancin situdiyon waƙa, na'urar Yamaha ce mai ɗauke da kiɗan da kamfani ya riga ya ajiye a cikinta. Makaɗi ya danna maɓalli, ganga ta kama bugu da kanta, mawaƙi ya bi ta a guje. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti. Idan aka tilasta wa kalma bin kiɗan da ba don ita aka yi ba, sai ta karye.

A 1971 Carole King ta fitar da faifanta mai suna Tapestry a Amurka. Ita ke kaɗa fiyano, ita ke rerawa. Hannun hagu na riƙe da taki, na dama na amsa wa murya kamar 'yan amshi. Mai tsara faifan, Lou Adler, ya taƙaita sauran kayan kiɗa don kada su danne ta. Faifan ya yi mako 15 a jere a kan gaba a jadawalin Billboard, ya kuma jawo mata kyautar Grammy huɗu a 1972.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. Makaɗan Mamman Shata, ɗan Musawa, bakinsa suke saurare: ya ja su ja, ya tsaya su dakata. Ko'ina waƙa ta yi armashi, murya ce ke gaba.

Saboda haka masu kukan mutuwar kalangu su dubi aljihunsu. Su ne ke ɗaukar mai na'ura ranar bikin 'ya'yansu saboda araha. Matashin da zai shekara yana koyon kaɗa fiyano da yatsunsa, ko matse kalangu a hammata, sai ya ga mai biyansa tukuna.