Zauren Anti: Amarya da Tarin Hunturu



Hunturun bara na je Kambaza bikin ƙanwata. Saura kwana biyar ɗaurin aure sai ga amarya da mura da tari, murya ta dishe. Kafin in ajiye jaka har Inna ta aika kemis an sayo kafso. Na ce, "Inna, don Allah a dakata." Ta ce, "Ke dai da bokonki! So kike a kai ta ɗaki tana tari?"

Washegari na kai ta Birnin Kebbi. Likita ya saurari ƙirjinta, aka soki yatsa aka ɗebi ɗigon jini kamar gwajin maleriya. Sunan gwajin CRP, wani sinadari ne da hanta ke saki cikin jini, yana hawa sosai idan cuta ta yi ƙarfi. Ba a jima ba sakamako ya fito, nata yana ƙasa. Ya ce mura ce kawai, kafso ba ya kashe ƙwayarta. Sai hutu, ruwan ɗumi da zuma, da farasitamol.

Wani bincike na ƙasar Biyetnam a 2016 ya nuna gwajin ya rage masu shan irin wannan magani daga kashi 78 zuwa 64 cikin ɗari, kuma sun warke kamar sauran. Abin tsoron, kafson da kika sha a banza shi ke sa ƙwayoyin cuta taurin kai, ran da kike buƙatarsa, kamar bayan haihuwa, ya ƙi aiki.

Amma fa in numfashi ya yi sama-sama, ko tari ya wuce mako biyu, ko da jini, maza asibiti.

Amarya dai ranar kai ta, kukanta har ƙarshen unguwa ana ji.