Hoton Soweto da Mutanen da Ke Bayansa

Ran 16 ga watan Yuni na shekarar 1976 dubban 'yan makaranta suka fito kan titunan Soweto, a Afirka ta Kudu, suna ƙin umurnin gwamnatin wariyar launin fata na cewa a riƙa koyar da su da harshen Afirkans. 'Yan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda suka fara faɗuwa har da Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12.

A nan ne Sam Nzima, mai ɗaukar hoto na jaridar The World, ya ɗauki hoton nan da duniya ta sani: wani saurayi, Mbuyisa Makhubu, rungume da yaron yana gudu, yayar yaron tana biye tana kuka. Nzima ya ɓoye fim ɗin cikin safarsa don kada a ƙwace. Da hoton ya bazu, hukumomin Pretoria suka rasa bakin musu.

Ba mu ce hoto kaɗai ya rushe wariya ba. Jinin mutane ne ya yi wannan aiki. Amma shi ya sa wanda bai taɓa jin sunan Soweto ba ya gani da idonsa. A shekarar nan Nijeriya ta kafa asusun taimakon Kudancin Afirka, ma'aikatan gwamnati suka riƙa ba da wani kaso na albashinsu. A watan Nuwamba na 1977 kuma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayar wa ƙasar makamai.

Abin da ya dame mu shi ne makomar mutanen. An hana jaridar fitowa a 1977. Nzima ya bar aikin jarida saboda matsin 'yan sanda, ya koma ƙauyensu, bai kuwa sami haƙƙin mallakar hotonsa ba sai a 1998, bayan shekara 22 kowa na bugawa yadda ya ga dama. Makhubu ya yi gudun hijira, wasiƙarsa ta ƙarshe ga mahaifiyarsa daga Nijeriya ta fito, a 1978.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da ke riƙe da takardun 'yan gudun hijira na wancan zamani da su duba su, ko iyalinsa sa sami amsa. Muna kuma kira ga jaridunmu da ma'aikatun watsa labarai su riƙa sanya sunan mai hoto a ƙarƙashin kowane hoton da suka buga, su kuma biya shi haƙƙinsa.