Gudun fanfalaƙin Paris: ba a fafe gora ranar tafiya

Kowane watan Afrilu, mutum fiye da dubu 50 ke cika titin Champs-Élysées na birnin Paris domin gudun fanfalaƙi mai tsawon kilomita 42 da mita 195. Ƙalilan ne daga cikinsu ke neman kambu. Mafi yawa ma'aikata ne, ɗalibai da ƴan kasuwa, da dama daga wasu ƙasashe, waɗanda burinsu kawai su kai ƙarshen hanya kafin wa'adin kusan awa shida ya cika. Matashin Yamai ko ɗan ci-ranin Brussels da ya ga hotunansu a Facebook har ya yi sha'awa bai yi laifi ba. Sai dai hoto ba ya nuna watannin da suka gabace shi.

Tsawon nan daidai yake da zagaya filin tsere na Seyni Kountché sau 105 da rabi. Masu horarwa kan ba da wata huɗu zuwa biyar na atisaye, ana ƙara nisa sannu a hankali, kuma ga wanda dama ya saba gudu ke nan. Dalili kuwa a jiki yake: makamashin da tsoka da hanta ke ajiyewa yakan ƙare a wajajen kilomita 30, inda ƙafafu ke yin nauyi, kai ya fara juyawa. A Paris wannan matsi na riskar mai gudu ne bayan ya baro dajin Vincennes, ya bi gaɓar kogin Seine, yana fuskantar dajin Boulogne. Wanda ɗokin taron jama'a ya ɗebe shi ya tashi da ƙarfi tun farko, a nan yake biyan bashi.

Baƙo kuma yana da ƙarin kaya a kansa. Kuɗin rajista kaɗai ya haura euro 100, wato sama da jikka 65, ban da jirgi, masauki da takalmi. Ga mai tasowa daga Nijar, batun biza ya ƙara tsauri tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, kuma rajistar gudu ba ta zama izinin shiga ƙasa. Hankali shi ne a tabbatar da takardu kafin a zuba kuɗi. Ga yanayi: jikin da ya saba da zafin Afrilu na Maraɗi ko Tawa, mai wuce digiri 40, zai tsaya jiran tashi cikin sanyin safiyar Turai. A ƴan shekarun nan ma azumin Ramadan na faɗawa cikin watannin atisaye, abin da ke buƙatar tsari tun da wuri.

Babban abin dubawa shi ne lafiya. A 2007 an dakatar da gudun Chicago yana tsaka saboda zafi, mutum guda ya rasu, an kwashi wasu da dama zuwa asibiti. Ciwon zuciyar da mai shi bai san da shi ba na iya bayyana a kan hanya, sannan shan ruwa fiye da ƙima na rage gishirin jini har ya kai ga suma. Hawan jini ba baƙo ba ne a tsakanin matasan birane, don haka ganin likita kafin fara atisaye wajibi ne, ko masu shirya gasar sun nemi takarda ko ba su nema ba. Ranar gudu kuma ba ranar gwada sabon takalmi ko abincin da ciki bai saba da shi ba ce. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya. Babu abin kunya a ciki.

Duk wannan ba hana kowa ba ne. Gudun New York ya fara a 1970 da mutum 127, yau yana tara fiye da dubu 50, kuma Legas na shirya nata tun 2016, ba tare da ɗan Nijar ya ƙetare teku ba. Mai niyya ya fara da kilomita 10, ya hau zuwa 21, sannan ya sayi tikiti. Hukumomin birane da na wasanni kuwa, nasu aikin shi ne samar da tituna masu fitila da tsaro inda matasa, maza da mata, za su yi gudun asuba ba tare da tsoron mota ko babur ba.