Wasiƙa ga Masu Auren Kaktus: A Dubi Gindi Kafin Kai



Jan kaktus ɗin nan mai siffar ƙwallo da ake ɗorawa a kan koren kara, kansa ne ke jan idon mai saye. Ni kuwa roƙona gare ku shi ne ku mayar da hankali ga gindin, domin ran tsiron a hannunsa yake. Wannan kai, Gymnocalycium mihanovichii, asalin danginsa Faraguwai da arewacin Ajantina, amma a Japan aka fitar da mai launin ja a shekarun 1940. Ba shi da koren sinadarin da tsiro ke haɗa abinci da shi daga hasken rana, don haka duk abin da zai ci daga gindi yake fitowa.

Manyan gonakin kasuwa, musamman na Koriya ta Kudu, a kan Hylocereus suke aura shi. Wani zai ce tunda masu sana'a sun zaɓe shi, ai magana ta ƙare. To, su araha da saurin kamawa suka duba, kuma da sun sayar sun gama nasu. Hylocereus ba ya jure sanyi, ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, guntun da aka yanko kuwa yakan gaji cikin 'yan shekaru. Mai son tsironsa ya daɗe ya nemi Myrtillocactus ko Trichocereus. Pereskiopsis kuma na ƙananan da suka fito daga iri ne, yana gaggauta girmansu, daga baya a sauya musu gindi. Kada kamanni su ruɗe ku da tinya ko ƙerana: danginsu daban ne, farin ƙaronsu guba ne, aure ba zai kama ba.

Aikin kansa ba shi da wuya. A goge reza da sifirit kafin kowane yanka, saboda wuƙa na kwasar cuta daga wannan tsiro zuwa wancan. A sheme saman gindin, a fiƙe gefensa, domin tsoka tana motsewa in ta bushe, fata kuwa ba ta motsewa, sai ta ture kan. A tsakiyar yankan akwai zoben jijiyoyi; dole zoben kai ya ratsa na gindi ko da a wuri ɗaya ne. A ɗaure da roba, a ajiye a inuwa mako ɗaya zuwa biyu, kada ruwa ya taɓa yankan.

Masu cewa aure na kumbura kaktus har ya ɓata kamanninsa suna da gaskiya in gindin ya fi ƙarfin kan. Maganin wannan shi ne a daidaita su, ba a bar auren ba. Ga wani amfanin auren: kaktus ɗin Ariocarpus na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya yi fure, ɓarayi kuma na tono shi daga dajin Meziko. Duk wanda aka rena a gida ta hanyar aure ya rage kasuwar na sata. Don Allah, in za ku sayar ko ku yi kyauta, ku faɗa wa mai karɓa sunan gindin da irin ban ruwan da yake so.

Wassalam.