Kuɗin da ba ya shiga lissafin cefane

Shawarar da masu koyar da girki suka fi bai wa matan aure, a talabijin ne ko a filin mata na jaridu, ba ta canzawa: ki dafa a gida, ki bi abin da lokaci ya kawo, iyalinki za su ci mai kyau, aljihun maigida kuma ya huta. Da kaka a ce miki ga miyar taushe tunda kabewa ta shigo, da bazara a ce ga lemon mangwaro. Ban ƙi shawarar ba, kuma ina cikin masu ganin tuwon gida ya fi na saye. Abin da na ƙi shi ne lissafin da ake ɗora ta a kansa, domin yana tsayawa ne a bakin kasuwa, alhali kashe kuɗin bai ƙare a nan ba.

Mu ɗauki taushen kanta. Kabewa da yakuwa da sabuwar gyaɗa suna araha a Oktoba da Nuwamba, wannan gaskiya ne. Amma miya ba ta haɗuwa da su kaɗai. Tumatir da tattasai na noman rani ne, sai Janairu zuwa Maris suke cika kasuwa, lokacin da manoman Kadawa da Kura da Garun Malam ke ɗiba. Albasar Aliero da ta Galmi ma a rani ake cire ta, kuma watannin da kabewa ke araha su ne watannin da albasa ke tsada. Tukunya ɗaya, amma kowane abin da ke cikinta da nasa lokacin. Mai da dunƙule da sukari da fulawa kuwa ba ruwansu da kaka ko damina, farashin dala da kuɗin mota suke bi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, ba su koma inda suke ba, har hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Arahar kabewa ba ta isa ta rufe wannan giɓin ba.

Sai makamashi, wanda ban taɓa ganin an sa shi cikin jerin kayan haɗi ba. Taushe tana son ƙashi ya dahu ya yi laushi, kabewa ta narke, gyaɗa ta saki mai. Tuwon shinkafar da za a ci da ita ma sai ya daɗe a wuta kafin a tuƙa. Kuɗin cika silinda mai kilo 12.5 ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2021 da 2024, shi ya sa gidaje da yawa suka jingine gas suka koma gawayi da itace, su kuma suka tashi saboda an yi musu yawa. Ga kuɗin markaɗe, wanda mai inji ke ƙarawa duk sanda fetur ya motsa. Ga ruwan da za a saya wurin mai garuwa don wanke ganye da tukwane. Kowanne ƙarami ne in an ɗauke shi shi kaɗai, amma kullum ake biya.

Komawa itace kuma tana da wani farashi da ba a biya da naira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara suka fi shaƙarsa. Duk wanda ya taɓa shiga madafi da damina, itace ya jiƙe, uwargida na fifita da goyo a bayanta, idanu jajaye, ya san wannan ba labarin wata ƙasa ba ne. Tarin da za a kai asibiti bayan shekaru ba wanda zai danganta shi da miyar da aka ce mai araha ce.

Inda shawarar ta fi ba ni damuwa shi ne batun ajiya. Ana cewa ki sayi kwandon tumatir sanda ya faɗi, ki adana. Da me? Mai sayen kwando a Kwanar Gafan ko 'Yan Kaba sai wadda ke da kuɗi a dunƙule, alhali yawancin gidaje cefanen yini suke yi, na yau daban, na gobe sai Allah ya kai mu. Wadda ta samu ta saya kuma tana da hanya uku, kowacce da kuɗinta. Ta markaɗa ta sa a firij, in akwai wuta. Waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana an ɗaga musu kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, sauran kuwa wutar ce ba sa gani. Ko ta dafa shi ya ƙone ruwa ta ɗura a kwalba, wanda ke cinye yini guda da gawayi mai yawa. Ko ta yanka ta shanya, ta yi ta fama da ƙura da kaji da ƙuda. Gyaɗa da masara ma in ba su bushe sosai ba suna yin fumfuna mai gubar da ke lahanta hanta, ko da ido bai gani ba. Kuma lokacin kansa ba shi da tabbas: a 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai.

Akwai kuma wanda ke biyan arahar da muke murna da ita. Ranar da kwando ya faɗi warwas, manomin da ya sayi taki da feshi da fetur ɗin ban-ruwa shi ke komawa gida da asara, wani lokaci ya bar tumatir a bakin titi saboda bai kai kuɗin mota ba.

Kayan zaƙi sun fi komai nuna kuɗin da ba ya shiga lissafi. Mangwaro yana cika gari daga Maris zuwa Mayu, amma haɗin da ake koyarwa yana buƙatar madara da sukari da blenda da ƙanƙara, a daidai watannin da zafi ke sa ƙanƙara tsada. Namu na gargajiya ma ba masu sauƙi ba ne. Alkaki sai an kwaɓa alkama ta kwana ta yi tsami, a murza, a soya cikin mai mai yawa, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Nakiya sai an wanke shinkafa, an shanya, an soya, an daka. Iyayenmu sun san nauyinsu, shi ya sa suka ajiye su don gara da suna da salla, kuma mata ke taruwa a yi su da gayya. Yau ana so mace ɗaya, wataƙila malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ta dawo gida da la'asar, ta yi su ita kaɗai don a ci bayan abincin dare.

Lokacinta shi ne mafi girman abin da ake tsallakewa. Gyaran ganye, fere kabewa, aiken markaɗe, tuƙi, kwasa, wanke-wanke, sa'o'i ne da za ta iya yin ɗinki ko kitso ko karatu ko barci a cikinsu. Ba a sa musu farashi saboda ba a biyanta.

Duk da haka, ga gida mai mutum takwas ko goma, tukunyar gida ta fi sayen kwano-kwano araha nesa ba kusa ba, kuma an san abin da aka zuba a ciki. Don haka roƙona biyu ne. Masu koyar da girki su riƙa faɗin awa nawa abincin zai ci, gas ko gawayin nawa, kuma me mai rashin firij za ta yi. Kai kuma maigida, in za ka miƙa kuɗin cefane gobe da safe, ka haɗa da na gawayi da na markaɗe da na ruwa, ka kuma tambaye ta ko akwai wanda zai kama mata aiki.