Ayari Ba Madugu, Zango Ba Mai Masauki

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama a filin jirgi na Malam Aminu Kano da niyyar ƙetare ƙasa, ya san yadda ake raba mutane tun daga bakin ƙofa. 'Yan ƙalilan su tsaya a gaba, a faskila, a ja musu labule. Sauran jama'a kuwa su yi ta kutsawa can baya, ajin gama-gari, inda gwiwa ke gogar kujerar gaba. To, 'yan'uwa ɗalibai, a can bayan ne za ku tarar da mutanenmu: manomin shinkafa da masara daga Tudun Wada wanda ya sayar da amfanin shekara zai yi umara, da tsohuwa daga Doguwa wadda 'ya'yanta suka yi karo-karo za ta ga likita a Masar, da ɗan kasuwa daga Kwanar Ɗangora, da ɗalibi ɗan Bebeji da ya sami gurbin karatu a waje. Galibinsu ba kai tsaye za su tafi ba. Sai sun sauka a wani gari, Adis Ababa ko Alƙahira ko Doha, sun jira, sa'an nan su sake wani jirgin. A kan wannan jira muke son mu yi magana.

Tafiya dai ba baƙuwar mutanen kudancin Kano ba ce. Bebeji tsohon garin fatake ne, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin gidan masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ayarin wancan zamani yana da tsari. Akwai madugu mai yanke shawara, akwai jagaba wanda ya san hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari. In an yada zango a baƙon gari, akwai mai masauki da zai karɓi baƙo, ya yi masa tafinta, ya tsare masa kaya, ya nuna masa rijiya da masallaci. Haka ma alhazan ƙafa waɗanda suka bi ta Barno da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. Sun sha wuya ƙwarai, wasu sun shekara da shekaru a hanya, wasu ma sun zauna a Sudan ba su dawo ba, kamar mutanen garin Mai Wurno. Amma kusan kowane zango suka isa, sukan sami mai jin harshensu.

Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925. A 1958 kamfanonin jiragen duniya suka shigo da ajin gama-gari mai rahusa, kuma a wannan shekara ce aka kafa Nigeria Airways. Kamfanin nan namu ya durƙushe a 2003. Yau akasarin tafiyarmu ta waje, in ka ɗebe jigilar alhazai, a hannun kamfanonin wasu ƙasashe take, kuma kowane kamfani garinsu yake fara kai fasinja, ya tara shi da na wasu wurare, sa'an nan ya rarraba su. Da haka suke cika kujeru, da haka kuma tikitin yake sauƙi. Daga Kano zuwa Jidda kai tsaye bai cika awa biyar ba. Wanda ya bi ta Adis Ababa kuwa zai yi kusan wannan tsawon kafin ya isa zangon farko, ya jira sa'o'i, wani lokaci har ya kwana, sa'an nan ya ƙara awa biyu da wani abu.

Kada a ɗauka muna kukan ƙuncin kujera ne. Ko kusa. Wanda ya saba hawa bayan akori-kura daga Riruwai, ya ratsa dajin Falgore da buhuna a ƙarƙashinsa, ba zai yi ƙorafin kujera mai soso ba. Ajin gama-gari alheri ne ga talaka, don ba don shi ba da ƙetare teku ya zama na sarakuna da attajirai kurum. Na gaba da na baya kuma lokaci guda suke sauka. Abin da yake damunmu shi ne an ɗauki mutum daga ƙauyensu, an karɓi kuɗinsa cif, an kai shi tsakiyar wata ƙasa an ajiye, ba jagaba, ba tafinta, ba wanda ya gaya masa abin da zai tarar. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne. To ina ga baƙon da duk allunan da ke gabansa da Turanci aka rubuta su?

Ɗaya daga cikinmu ya ga abin da idonsa a hutun da ya wuce. A wani filin jirgi da suka yada zango, ya tarar da wani dattijo mutumin ƙasar Kiru zaune a gefe, ya rungume jakarsa, yana jan carbi cikin natsuwa. Da suka gaisa ya duba masa takardar shiga jirgi, sai ya ga jirgin ya tashi da fiye da rabin awa. Dattijon ya nuna agogon hannunsa, ya ce ai da sauran lokaci. Agogon yana kan lokacin Kano, garin kuwa yana gabanmu da awa biyu. An yi ta kiran sunansa a lasifika, amma da irin lafazin da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. Tun safe bai sha ruwa ba don tsoron kada fitsari ya kama shi bai san inda zai nufa ba, kuma bai yi azahar da la'asar ba, alhali ɗakin salla yana nan kusa da shi. Sai da ɗan'uwan namu ya kai shi wurin ma'aikata aka sake masa jirgin gobe. Mutum ne mai hankali, mai gonaki da iyali, wanda ake jin maganarsa a garinsu. Rashin sani ne kawai, wanda ya fi dare duhu.

An sake masa jirgi ne domin tikitinsa guda ne tun daga Kano har inda za shi, kuma ma'aikatan sun tausaya. Nan ma akwai abin lura. In tikiti ɗaya ne, kuma jirgin farko ya makara har na biyu ya wuce, nauyin kamfani ne ya sa fasinja a wani jirgin, kayansa kuma a kan wuce da su har ƙarshen tafiya. Amma akwai 'yan ejan da kan yanko tikiti biyu daban-daban don a ga araha, ba su kuwa bayyana wa mai tafiya ba. In aka sami jinkiri, kamfani na biyu ba ruwansa, kuɗi sun tafi. Wani lokaci ma sai mutum ya fita ya karɓi kayansa ya sake aunawa, fitar kuwa tana iya bukatar bizar ƙasar, shi kuma ba shi da ita. Araha ba ta ado. Haka nan mutanenmu kaɗan ne suka san akwai yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ke cikinta, da ta ɗora wa kamfani biyan diyya in kaya ya ɓata ko ya lalace, muddin an kai kuka a rubuce cikin kwana 7 in lalacewa ce, ko kwana 21 in jinkiri ne. Sai mutum ya rasa akwatinsa, ya ce haka Allah ya so, ya koma gida. Tawakkali gaskiya ne, amma barin haƙƙi ba ya cikinsa.

Maganar kaya ta fi haka nauyi. Ba mu manta da ɗalibar nan ta wata jami'a a Kano ba, wadda aka kama a Saudiyya a Disamba 2018 bisa zargin shiga da ƙwaya, ba a sake ta ba sai a Afrilu 2019, bayan bincike ya nuna wasu miyagu ne suka liƙa sunanta a jikin jakar da ba tata ba. Ƙasar da aka kama ta kuwa hukuncin kisa take yanke wa masu fataucin ƙwaya. Wannan mai ilmin jami'a ke nan. Yaya za ta kasance ga tsohuwar da ba ta san amfanin 'yar takardar da aka manna mata a bayan tikiti ba, kuma tarbiyyarta ba ta bar ta ta ƙi riƙe wa wani ƙunshi in ya ce don Allah?

Wani zai ce ai laifinsu ne, su koyi Turanci, ko su biya kuɗin jirgin da ke tafiya kai tsaye. Wannan magana ce ta wanda ya ƙoshi. Jirgin kai tsaye ba ko'ina yake zuwa ba, kuma inda yake zuwa ba kullum aljihu ke isa ba. Batun harshe kuwa, mai saye ba ya koyon yaren mai sayarwa, mai sayarwa ne ke koyon na mai saye, kowane ɗan koli a kasuwar Kurmi ya san haka. Tun 1957 gidan rediyon BBC ke watsa labarai da Hausa daga Ingila. Me zai hana kamfanin da ke cika jirginsa da Hausawa daga Kano ya naɗi sanarwar minti biyu da Hausa, ya kuma ajiye ma'aikaci ɗaya mai jin Hausa a zangonsa?

Saboda haka muna kira ga hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa da ta sa wannan cikin sharuɗɗan da take gindaya wa kamfanonin da ke ɗaukar fasinja a Kano. Muna kira ga 'yan ejan su ji tsoron Allah, su gaya wa mai tafiya tikiti nawa ne a hannunsa, awa nawa zai jira, da wanda zai nema in abu ya ɓaci. Ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna da jami'an alhazai da ke yi wa maniyyata bita kowace shekara. Mai zuwa umara da mai zuwa asibiti su ma 'yan ƙasa ne, a buɗe musu ƙofar bitar nan.

Amma kaso mafi girma namu ne, mu ɗalibai. Da kuɗin gero da masarar mutanen nan aka biya mana makaranta, kuma Turancin da muke taƙama da shi a harabar jami'a, ga inda zai yi rana. Kowace ƙungiyar ɗalibai ta ƙaramar hukuma tana iya tsara takarda guda, da boko da ajami, ta raba a masallatan Juma'a lokacin hutu: ka gyara agogonka da zarar ka sauka, ka nemi lambar ƙofar jirginka kafin ka nemi wurin zama, ka riƙa dubawa don akan canza ta, ka ƙirga jakunkunanka da takardun da aka ba ka a kansu, kada ka riƙe wa kowa kaya, maganinka ya kasance a jakar hannu, ka sha ruwa, ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa. Wanda kuma Allah ya nufa da tafiya a cikinmu, in ya hangi mai babbar riga ko mai mayafi yana waige-waige a baƙon filin jirgi, kada ya sunkuyar da kai cikin waya kamar bai ji Hausa ba. Ya yi sallama, ya duba masa takarda, ya raka shi ƙofa. Kakanninmu ba su taɓa barin ɗan ayari a zango shi kaɗai ba, bai kamata a fara daga kanmu ba.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.